Batirin Jirgin Surukina

Shekarar da ruwa ya dawo tafkin Kalmalo surukina ya riga ya tsufa, sai dai kowa ya sani ban da shi. Tafkin ya daɗe a ƙafe. Yaran da aka haifa a tsakanin sun tashi suna ganin wurin fadama ce kawai, ta dawa da damina, ta albasa da rani. Jirgin tsohon kuwa yana kife a gindin wata bagaruwa bayan gida, kaji na yin ƙwai a ƙarƙashinsa. Da damina ta yi ƙarfi a wannan shekara, ruwa ya gangaro daga arewa ya shafe gonakin. Mutane na jajanta wa juna asarar shuka, shi kuwa sai aka gan shi ya kori kajin, ya birkice jirgin, yana toshe tsagoginsa da tsumma da kwalta, yana ɗan waƙe-waƙe a ciki-ciki.

Masunci ne ɗan masunta, kuma bai taɓa yarda cewa shi manomi ba ne, ko a shekarun da albasa ce ke ciyar da gidansa. Amma bai daɗe da fara fita ba kafaɗarsa ta dama ta ƙi. Tura jirgi da doguwar sanda aikin masu jini a jika ne. Yakan dawo ya zauna shiru, Inna, wato surukuwata, tana shafa masa man zafi, yana ce mata sanyi ne ya kama shi, ba wani abu ba. Labari ya kai wa ɗansa da ke aiki a bakin teku a Kwatano, shi kuma ya aiko da wani ɗan inji ta hannun direban mota. Dogo ne kamar taɓarya, da 'yar farfela a ƙasa, da mariƙi a sama, da wayoyi biyu, ja da baƙa. Ba ya shan fetur. Da batir yake aiki, kuma ba a aiko da batirin ba.

A nan ne na shigo cikin maganar. Ni tela ne a Illela, shagona na kan hanyar da ta nufi bakin iyaka. Rashin wuta ya sa na kafa faifan sola a rufin shago, na haɗa batir don keken surfani da fanka. Na taɓa kashe batir guda saboda rashin sani, na biyun kuma ya daɗe a hannuna, don haka a cikin dangi ana yi mini kallon wanda ya san harkar. Wata ranar Alhamis matata ta dawo daga Kalmalo ta ce, "Baba zai shigo kasuwa ran Lahadi. Ya ce ka raka shi ya sayi batir."

Ita ce ɗiyarsa ta fari, kuma duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da wannan ke nufi. Tun da na aure ta, ni da shi ba mu taɓa wuce gaisuwa ba. Nakan tuɓe takalmi tun daga nesa, in durƙusa, in gaishe shi ina kallon ƙasa, shi kuma ya amsa yana kallon bagaruwa. Ya tambayi aiki, in ce alhamdu lillahi. Ya tambayi yara, in ce suna gaishe shi. Shi ke nan, sai in ja da baya. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, kuma ban taɓa ce masa a'a ba, don ba a taɓa kaiwa ga maganar da za a ce a'a a cikinta ba.

Na ce mata, "In ya zaɓi wanda bai dace ba fa?"

Ta ce, "Sai ka gaya mai. Baba ba ya cizo."

Ita ke faɗin haka, alhali ita kanta ba ta iya kallon idonsa. Duk da haka na shirya. Ina ɗinki ina bitar abin da zan faɗa, da ladabi, da misalai, har yaron shagon maƙwabcina ya leƙo ya ga da wa nake magana.

Ran Lahadi da hantsi na same shi a bakin kasuwa, kusa da inda 'yan canji ke zama da damman sefa a hannu. Ba shi kaɗai ba ne. Yana tare da wani tsohon mahauci na Illela, Barunje kamar yadda muke kiransu, wanda ya bar wa 'ya'yansa teburin nama ya koma yawon kasuwa da ba da shawarar da ba a tambaye shi ba. Masunta da mahauta abokan wasa ne tun kaka da kakanni, waɗannan biyun kuma sun riƙe al'adar da hannu biyu. Ina isowa na ji Barunje na cewa, "Ai tun kana Kalmalo ƙarnin kifi ya riga ka isowa."

Surukina ya ce, "Kai ko ƙudajenka sun riga ka sallama."

Na durƙusa na gaishe su. Muka nufi shagon wani magidanci mai sayar da batura da kayan sola, wanda a wurinsa na sayi nawa. Ya shimfiɗa musu tabarma, ya karɓi ɗan injin ya jujjuya, ya karanta abin da ke rubuce a jikinsa, ya ce ai wannan mai sauƙi ne, batir ɗaya ya ishe shi, irin mai bolt sha biyu. Sannan ya yi bayani tiryan-tiryan, kusan kalma da kalma abin da na kwana biyu ina bita. Ya ce batura iri biyu ne, ko da yake a ido kamarsu ɗaya. Na mota an yi shi ne don ya ba da ƙarfinsa gaba ɗaya cikin ƙiftawar ido, ya tayar da inji, injin kuma ya mayar masa da abin da ya bayar nan take. Na sola kuwa an yi shi ne don ya riƙa bayarwa kaɗan-kaɗan tun safe har rana ta take, a sauke shi, a sake cika shi, gobe ma haka, bai damu ba. Ya ce injin jirgi irin wannan aikin na biyun yake so. In aka ɗora wa na mota, zai yi da farko, amma ba zai yi tsawon rai ba.

Surukina ya saurara yana gyaɗa kai. Sai ya ce shi abin da ya ja ransa ga wannan inji shi ne an ce ba ya ƙara. Daga nan ya shiga labarin kakansa. A zamanin da Nasara suka fara zuwa, in ji shi, lokacin da Ingilishi da Faransa ke ta kafa duwatsun iyaka tsakaninmu da Ƙonni, wani Bature ya sauka a Kalmalo yana son harbin agwagin ruwa. Duk wanda aka ba shi ya tura masa jirgi sai tsuntsayen su tashi tun ba a matso ba. Kakan nasa ne kawai ya iya sa sanda a ruwa ya cire ba a ji ko ɗis ba, har ya kai Baturen inda zai iya kama agwagwa da hannu in ya so.

Barunje ya ce, "Bara da ka ba ni labarin ga, dinya ce ba agwagwa ba."

"Kai mi ka sani ga tsuntsun ruwa?"

Mai shago ya yi dariya, ya jawo wani batirin sola matsakaici ya ajiye a gabansu. Amma idon Barunje ya riga ya sauka a kan wani ƙaton batir a lungu, na babbar mota, wanda aka ɗan yi amfani da shi. Ya nuna shi da sandarsa.

"Wancan na mi ne?"

"Na tirela ne, Baba."

"To, ni jahili ne, a gaya mini. Wanda ke tayar da tirela da kayanta, da wanda ke kunna fanka a shagon tela, wane ya fi ƙarfi?"

Mai shago ya fara cewa ba maganar ƙarfi ba ce, maganar juriya ce, amma surukina ya riga ya miƙe. Ya zagaya batirin, ya ƙwanƙwasa shi da yatsa kamar mai zaɓen kankana, ya ɗan ɗaga gefe ɗaya da hannunsa mai lafiya ya ji nauyi. Na ga fuskarsa ta saki. Mutane uku ko huɗu sun tsaya a ƙofar shago suna kallo, kamar yadda aka saba ranar kasuwa. Sai ya juya, ba gare ni sosai ba, wajen da nake dai, ya ce, "Ko ba haka ba, Malam?"

Jawabina na nan a bakina, a shirye. Amma in na ce a'a a wannan wuri, a gaban 'yan kallo, na ƙaryata surukina ke nan a tsakiyar kasuwa, kuma na miƙa wa Barunje wuƙar da zai yi shekara yana yanka shi da ita, ko da yake shi ya kawo shawarar. Na yi gyaran murya. Na ji kaina ina cewa, "Baba ya fi mu sani."

Mai shago ya dube ni, ya daɗe yana dubana, sannan ya kira ɗan kabu-kabu aka ɗaure batirin a bayan mashin.

Makonnin farko sai son barka. Rabin Kalmalo ya fito bakin tafki ranar da aka fara gwadawa. Tsohon ya zauna a gindin jirgi, ya murɗa mariƙin, jirgin ya zame a kan ruwa ba ƙara ba hayaƙi, shi kuma ya miƙe wuya yana kallon gaba kamar bai san ana kallonsa ba. Ya riƙa kai mamarinsa, doguwar igiyar nan mai ƙugiyoyi, har can ƙetaren da matasa ma ke ƙyashin zuwa. Da rana a ɗora batirin a baro a kai wurin mai cajin waya, da yamma a dawo da shi. Tarwaɗa ta fara zuwa gidana a cikin bokiti. Matata ta ce, "Ka gani? Da ka yi magana da ka ji kunya a banza." Ni ma har na fara tunanin ko ni da mai shago ne ba mu san kome ba.

Ya daina ɗaukar sandar tura jirgi. Ya ce wanda ya hau raƙumi ba ya rataya takalmi a wuya. Inna ta ɗauke ta ta tokare igiyar shanya da ita.

Sannu a hankali batirin ya fara gajiya. Da yana kai shi ƙetare ya dawo da saura, sai ya koma dawowa da kyar, farfela na juyawa kamar mai jin barci. Surukina ya ɗora laifin a kan mai caji, ya ce yana raba wutar da wayoyin mutane. Aka sauya mai caji. Bai sauya kome ba. Wata safiya, can kusa da ciyayin ƙetare, farfelar ta tsaya cak.

Abin da ya faru bayan nan na ji shi daga bakin mutane da dama, kuma bakinsu ya zo ɗaya. Ruwan wurin bai wuce ƙugu ba, kuma ba wanda ya fi shi sanin haka. Amma akwai mata na wanki a gaɓa, akwai masu ban ruwa a lambu, shi kuwa mutumin da ya yi makonni yana wuce su da wuya a miƙe ba zai sauka ya ja jirgi kamar mai jan jaki ba. Sai ya ɗauko mamarinsa ya shiga gyaran ƙugiyoyin da ba abin da ya same su. Ya gyara har rana ta yi tsaka. Ya ɗan gwada tuƙi da ƙwaryar kwarfe ruwa, jirgin ya riƙa juyawa wuri ɗaya, ya bari. Daga ƙarshe wani makiyayi ya kawo shanunsa shan ruwa, shanun suka kutsa har suka kewaye jirgin, ruwa iya cikinsu, wata ma ta sa hanci tana shinshinar batirin. Makiyayin ya ce, "Baba, lafiya? Ko in kama maka?"

Ya ce lafiya lau, hutawa yake. Amma da aka kira azahar ya naɗe wandonsa, ya sauka, ya ɗora igiya a kafaɗar hagu, ya jawo jirginsa har gida ta gefen gaɓa, a gaban kowa.

Kafin la'asar labari ya iso Illela. Washegari Barunje ya ɗauki kabu-kabu takanas ya tafi jaje. An ce da ya isa ya zauna ya yi fuskar tausayi, ya ce ya ji an ce jirgi ya hau masunci, shi ne ya zo ya ga ko an samu karaya.

Mun yi dariya, har da ni. Amma da muka je gaisuwa ranar Juma'a sai na tarar abin ba na dariya ba ne kawai. Jirgin na ɗaure a gaɓa, injin na jingine a ɗaki an rufe shi da buhu, tsohon kuma na zaune a gindin bagaruwa bai fita ba tun ranar. Ya ce kafaɗa ce. Ya amsa gaisuwata a gajarce, bai ko tambayi aiki ba. Na ga ya rame a 'yan kwanakin nan fiye da yadda ya rame a shekarun da tafkin ke ƙafe.

Ina tsakar gida ina jiran matata, sai na ji Inna daga bayan zana tana yi mata magana da muryar da aka ɗaga don wani ya ji. Ita ma ba ta yi mini magana kai tsaye, haka muke. Ta ce, "An ce akwai masu sanin batir a Illela. Ni dai ban gani ba. Tsoho ya samu abin da ya tashe shi da safe, yanzu ga shi nan zaune yana ƙirga kaji. In akwai mai dabara ya yi ta, ba sai an ce wane ya yi ba."

Na kwana da maganar. Da gari ya waye na tafi wurin Barunje, na same shi a bayan teburin 'ya'yansa yana gaya musu yadda ake yankan da suka fi shekara goma suna yi. Na gaishe shi, na ce shawara na kawo. Na ce duk duniya shi kaɗai ne zai iya gaya wa surukina ya yi kuskure, surukina ya saurara, don zai ɗauka wasa ne.

Ya ce, "Ni na sa shi ya sayi wancan. Yanzu in koma in lashe amaina?"

Na ce ba sai ya lashe ba. Na ce kawai ya faɗa cewa wani direban tirela ne ya yi masa bayani daga baya, shi kuma ya zo ya wayar wa masunci da kai.

Wannan ya yi masa daɗi. Ya ce amma akwai wata rigarsa da wuyanta ya zare. Na ce a kawo ta shago. Sai muka zauna a kan benci na shiga koya masa. Batirin sola, ba na mota ba. Marar ruwa, wanda aka rufe ruf, don jirgi na tangaɗi. Mai amfiya ɗari, wato gwargwadon abin da cikinsa ke ɗauka, don shi ne zai kai ƙetare ya dawo bai fi ƙarfin jirgin ba. Kada a bari ya ƙare ƙarƙaf, in ya kai rabi a juyo gida. Kuma a cika shi ranar da aka yi aiki da shi, kada ya kwana da yunwa. Na maimaita masa har ya riƙe, ban da kalmar amfiya, wadda ta ƙi zama a bakinsa. Duk yadda na yi sai ya ce lafiya. Na ƙyale shi.

Ban san yadda zamansu ya kasance ba. Na dai san ran Lahadi aka aiko in zo in raka Baba kasuwa.

Mai shago ya gan mu mu uku, da batirin tirela a bayan mashin, bai ce kome ba sai sannu da zuwa. Surukina ya zauna, ya gyara riga, ya ce, "Ɗana, wancan karon ba ka yi muna bayani ba. Batir iri biyu na. Akwai na mota, mai ba da ƙarfi lokaci guda. Akwai na sola, mai haƙuri. Shi nika so. Marar ruwa, mai lafiya ɗari."

Mai shago ya sunkuyar da kai yana gyara wata waya da ba ta buƙatar gyara. Da ya ɗago ya ce gaskiyar Baba ne, laifinsa ne da bai yi bayani ba.

Ya fito da iri-iri. Akwai wani dogo mai ruwa, irin wanda ake sa wa manyan gidaje, sai mutum biyu ke ɗaga shi. Barunje ya fara nuna shi da sanda, don shi duk abin da ya fi girma ya fi, amma surukina ya girgiza kai. A nan ba ya buƙatar kowa. Ya ce ya san abin da jirginsa ke ɗauka, in aka ɗora wannan da shi da kifi, bakin jirgin zai sha ruwa, kuma in iska ta taso ruwan batirin ya zuba zai ci katako. Aka kawo wani sabon yayi da ake ce wa litiyom. Ya ɗaga shi da hannu ɗaya, ya jijjiga shi kusa da kunne.

"Wanga ba komi ciki."

Barunje ya ce, "To ai kun dace."

Mai shago ya ce a gaskiya shi ya fi duka daɗewa, ga rashin nauyi, sai dai yana son na'urar cajinsa ta daban. Da ya faɗi kuɗinsa, surukina ya ajiye shi a hankali da hannu biyu, kamar jaririn mutane.

Saura biyu, duka marasa ruwa, duka masu amfiya ɗari, ɗaya sabo, ɗaya ɗan Kwatano da aka yi amfani da shi a wata ƙasa. Mai shago ya ɗora musu ma'auni, duka suka nuna a cike. Surukina ya karkata ga na hannun saboda sauƙi. Ban shirya wa wannan ba, ban kuma koya wa Barunje kome a kai ba. Sai tsohon mahaucin ya yi tsaki, ya ce shi wannan ya san shi. Ya ce tsohuwar saniya ce aka ɗura wa dusa da ruwa daren kasuwa, a ido ta cika, sai an yanka a ga ƙashi. Ya tambayi mai shago ko ya san wahalar da batirin ya sha kafin ya zo nan. Mai shago ya ce bai sani ba, ba kuma wanda ya sani. Ya nuna musu inda aka buga watan da aka ƙera sabon, bai daɗe a ajiye ba. Aka ɗauki sabon, aka bar masa na tirela ya rage wani abu.

Muna fita surukina ya tsaya, ya juya wajen da nake, ya ce, "Malam, ka dai ji. Wanga shi na ilimi. Naka na shago ma ka duba, kada a ce na mota anka ba ka."

Na ce, "To, Baba. Zan duba."

Na sa kafinta ya yi wa batirin akwati, ni kuma na ɗinka masa riga ta tamfol saboda feshin ruwa. Aka ajiye shi a tsakiyar jirgi don nauyi ya daidaita. A jikin mariƙin injin akwai 'yan fitilu da ke nuna abin da ya saura, na bi ta hannun matata, ita ta bi ta hannun Inna, aka gaya masa in rabinsu sun mutu ya juyo. Inna ta cire sandar daga igiyar shanya ta sa a jirgi da kanta.

Bayan kaka, ruwa ya kwanta, aka aiko wai in zo da sassafe. Na ɗauka wani abu ya lalace. Na same shi a gaɓa ya riga ya shiga jirgi, ya nuna mini gaba da haɓa. Ni tela ne jikan 'yan kasuwa, ruwan da na sani shi ne na buta. Amma ba a ce wa suruki a'a. Na tuɓe takalmi na shiga, na zauna a gaba na ba shi baya, na riƙe gefen jirgin da hannu biyu.

Injin ba ya ƙara da gaske. Abin da nake ji kawai ruwa ne na lasar katako, da kukan tsuntsaye a cikin ciyayi. Muka wuce wasu farare dogaye suna tsaye da ƙafa ɗaya, ko motsi ba su yi ba. Ya tsaya ya ja mamari, ya cire tarwaɗa yana jefawa a bayana, suna ta birgima kusa da ƙafata ina janyewa. Muka yi nisa. Sai na ji muryarsa a bayana, ƙasa-ƙasa, kamar da ruwan yake magana.

"Barunje bai san komi ba in ba tumbi da hanji ba. Da ya zo yana yi mini lafiya ɗari, na san ɗora mai anka yi."

Kunnuwana suka ɗauki zafi.

Ya ce, "Da ka faɗi ranar farko, da ban ji ba. Mutane na kallo." Ya ɗan tsaya. "Allah shi yi albarka."

Na ce amin. Ban juya ba, shi ma na san ba ni yake kallo ba. Can kuma ya ce, tunda ni ne mai ilimin, in matso in riƙe mariƙin ya ga. Muka sauya wuri da rarrafe, jirgin na tangaɗi, ina salati a zuci. Ya ce in murɗa kaɗan. Na murɗa da yawa. Ya ce in yi dama, na tura mariƙin dama, jirgin ya yi hagu, muka shige cikin ciyayi har farfela ta naɗe ta tsaya. Tsuntsayen nan duka suka tashi.

Ban taɓa jin dariyarsa ba sai ranar. Ya yi ta har da tari, yana riƙe da kafaɗarsa mai ciwo. Ni na sauka cikin ruwa iya cinya na warware ciyawar da hannu, yana nuna mini inda zan ja. A hanyar dawowa ya ce kada in damu, abin da ya faru a ruwa a ruwa yake zama, ba mai ji.

Na koma Illela da jiƙaƙƙen wando da bokitin tarwaɗa. Ran Lahadi ina shago ina ɗinki, sai ga Barunje ya leƙo, ya ce ya zo karɓar rigarsa, kuma ya ji an ce ana neman direban jirgi a Kalmalo, ko ina da sha'awa.